Fuskar Mahaifina a Takardar Ƙosai

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara koyarwa a wata sakandare a Tambuwal ba, na kusa jawo wa mahaifina bala'in da ya fi ƙarfinmu duka, kuma ba don komai ba sai don ina son ganin teku.

Labarin ƙasa nake koyarwa. Kullum ina gaban allo ina zana tekuna da tsaunuka, ina ba yara labarin igiyar ruwa kamar a bakin teku aka yanke mini cibiya, alhali babban ruwan da na taɓa gani shi ne gulbin da ke cika da damina ya hana mu zuwa kasuwa. Ana nan sai wani abokina, malamin lissafi, ya zo da labarin wani ejan a Sakkwato da ke shirya wa mutane yawon buɗe ido na kwana goma zuwa wata ƙasar Larabawa da ke bakin teku. Tun daga ranar ban ƙara samun sukuni ba. Na sayar da ragunan da nake kiwo, na yi fasfo, na fara tafiya a makaranta ina ɗaga kafaɗa kamar har na je na dawo.

Fom ɗin neman biza ya fi jarrabawar da nake ba ɗalibai tsawo. Sunanka, sunan mahaifinka da na mahaifiyarka, lambobin wayar da ka taɓa riƙewa, shafukanka na sada zumunta, inda za ka kwana a can, sannan takardar banki mai nuna shige da ficen kuɗinka na wata shida. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa gwamnatin ƙasar za ta ajiye bayanan, kuma tana iya ba wasu hukumominta. Na karanta da ido ɗaya na sa hannu.

Da ejan ya duba takardar bankina sai ya yi dariya. Ya ce albashina ba ya ko zama ya sha ruwa a asusun, yana shiga yake fita. Sai dai in samo wanda zai tsaya mini, ya ba da tasa takardar bankin da katin shaidarsa da lambar wayarsa da adireshinsa.

Mutum ɗaya na sani da zai iya, shi ne mahaifina. Yana zaune a ƙauyenmu da ke kusa da Fakku, a ƙasar Kebbe. Manomi ne, kuma yana sayen gero da dawa da wake da kaka ya ajiye, ya fitar da bazara. Idan ka gan shi da koɗaɗɗiyar rigarsa a kan tsohon babur ɗinsa, sai ka ji kamar ka ba shi na goro. Da gangan yake haka. A wajenmu a shekarun nan, wanda aka san yana da abin hannu ba ya barci da ido biyu rufe, don ɓarayin daji ba sa zuwa gidan mutum sai an ba su labarinsa, kuma mai ba da labarin yakan zama wanda kuke gaisawa kullum. Ko asusun bankin ma bai buɗe shi ba sai da yawo da kuɗi a hanya ya zama kasada.

Na same shi a zaure na yi masa bayani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wa ka son ganin takardar ga?"

Na ce, "Gwamnatin ƙasar, Baba."

"Mi za ta yi da sanin abin da nika da shi? Ba ni za ni ba."

"So suke su tabbata ba zan maƙale a can ba."

"In sun gama dubawa, maido ma suka yi?"

"A'a, ajiyewa suke yi a kwamfuta."

"Har yaushe? Kuma wa ka riƙon makullin wurin?"

Ban san amsa ba, amma malamin makaranta ba ya cewa bai sani ba a gaban wanda bai yi boko ba. Na gyara zama na yi masa lacca. Na ce waɗannan manyan ƙasashe ne, suna da tsari, ba irin namu ba ne, ko ƙuda ba ya shiga inda suke ajiya. A raina kuma ina cewa tsofaffin nan dai tsoro ya yi musu yawa. Mahaifiyata ce ta sa baki daga baya, ta ce yaro ya ƙwallafa rai, a bar shi ya je ya gano abin da yake koya wa 'ya'yan mutane.

Ranar kasuwa mahaifina ya zo Tambuwal da kansa, ya shiga banki ya karɓo takardar, ya miƙo mini tare da katinsa. Ya ce, "Ko uwarka ba ta san abin da ac ciki ba. Ido biyu ni yarda su gani, naka da na wanda ba makawa." Bayan ya tafi na buɗe na duba, sai da na nemi wuri na zauna. Ba zan faɗi abin da na gani ba, amma a ranar na gane dalilin koɗaɗɗiyar rigar.

Ejan ya ce in zo da kwafi biyu na komai, don haka na wuce wani shagon fotokwafi kusa da tasha. Injin ya tsufa. Zubin farko ya fito da baƙin layi a tsakiyar kowane shafi, mai shagon ya ce ofishin jakadanci ba za su karɓa ba. Ya buɗe injin ya goge, ya sake. Waɗanda suka lalace kuma ya haɗa su ya ninke ya jefa cikin wani kwali da ke ƙarƙashin tebur. A gabana ya yi, ina kallo. Hankalina yana kan masu kyaun, ina jera su cikin sabon fayil ina jin daɗi.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san inda takardun kwalin nan suke zuwa. Masu ƙosai da masu tsire da masu gyaɗa ke kwashe su su naɗe kaya. Ni kaina na taɓa cin ƙosai a cikin takardar jarrabawar da na yi wa maki da hannuna, har na kai ɗakin malamai muka sha dariya. Na san wannan sarai, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Kwana huɗu bayan haka, da safe, ina kan babur zan tafi makaranta, sai wata dattijuwa mai ƙosai a bakin hanyar tasha ta ɗaga mini hannu. 'Yar wajen Fakku ce, aure ya kawo ta Tambuwal tun ban san kaina ba, mijin ya rasu ta ci gaba da sana'arta. Inna muke ce mata. Na tsaya ina cewa yau ba zan saya ba, na makara.

Ta ce, "Ba ciniki na ba, Malam. Sauko."

Ta ɗaga tabarmar da take zaune a kai, ta ciro wani ƙullin leda, ta kwance, ta miƙo mini takardu a ninke. Ina buɗewa na ga baƙin layin nan. A sama ga hoton katin mahaifina, fuskarsa ta yi duhu amma shi ne. A ƙarƙashi ga sunansa, ga ƙauyenmu, ga lambar wayarsa, ga wata shida na sirrin da ya ɓoye wa matarsa. Bayan Inna kuwa benci ne cike da 'yan acaɓa da direbobin Kebbe suna karyawa, kowa da takardar ƙosai a hannu, wasunsu ma suna karanta tasu don rage zama.

Na ce, "Inna, ina kika samo wannan?"

Ta ce shekaranjiya ta karɓo takardu a shagon. Ita kuma ba ta naɗe ƙosai da takarda sai ta zauna ta duba su ɗaya bayan ɗaya, don kada a sami mai rubutun Arabiyya a ciki, sunan Allah ya ƙare a bola. Haka uwarta ta koya mata. Ta ce, "Sai nig ga ɗaya da Arabiyya bisa kai, niɗ ɗauke ta. Ina ɗagawa sai ga Alhaji shina kallona. Nic ce subhanalla, fuskar dattijo awa wanga ba a sa ta ga mai. Duk abin da ad da ita na naɗe wuri guda. Kwana biyu nika dubin wucewarka."

Kan fom ɗin ne ke da Larabci, sunan hukumar ƙasar kawai, ba aya ba ce ba hadisi ba. Ban gyara mata ba. Na ƙirga shafukan, sai na ga babu ɗaya, kuma na ƙarshe ne, mai ɗauke da jimilla. Na tambaye ta ina takardar ƙarshen take.

Ta ɗan yi tunani. "Ta waje? Wagga ta yi baƙi da yawa, ɓata ƙosai za ta yi. Da ita nih hura wuta."

Ban taɓa jin daɗin ƙonewar takarda irin na ranar ba. Na ce ko wani ya gani? Ta ce wa zai gani, a kai take zaune. Ta kuma ce in gaishe da Alhaji, in ce masa hoton bai yi kyau ba, ya sake wani.

Ban shiga aji ba ranar. Na yi ta saƙawa da kwancewa, don ba wanda ya sani sai ni da ita, ita ma ba ta san me ta riƙe ba. Ina iya yin shiru in wuce Sakkwato da fayil ɗina. Amma na kasa. Na hau babur na kama hanyar Kebbe, wadda ko da hankali kwance sai ta girgiza maka hanji.

Na sami mahaifina yana gyaran rumbu. Na faɗa masa komai ban rage ba, kaina a ƙasa. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tambayi wace mata ce, na faɗa. Ya ce ta iya karatun boko? Na ce a'a. Sannan ya ce, "Tsakanin shago da tasha takardar ga tak kuɓuce maka, kana tsaye, cikin garin da kas san kowa. To in ta ƙetare ruwa fa? Wa zaka tambaya?"

Wannan karon ban yi lacca ba. Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya ce, "To, yanzu ka yi karatu." Ya karɓi takardun duka, masu kyau da marasa kyau, ya shiga madafa ya sa su a murhun mahaifiyata, ya tsaya a kansu har suka zama toka. Sannan ya juyo ya ce, "Ban hana ka ganin duniya ba. Amma da naka zaka, in ya kai."

Abokina malamin lissafi ya tafi shi kaɗai, ya dawo da hotuna ya ishe mu. Ni sai bayan shekara uku nawa asusun ya kai. Na ga tekun, kuma ya fi wanda nake zanawa girma nesa ba kusa ba. A filin jirgi sun ɗauki hoton yatsuna da na ƙwayar idona, sun tambayi inda zan sauka da katin da zan yi amfani da shi. Na bayar, don ba ni da zaɓi, amma na san abin da nake bayarwa, kuma nawa ne. Har yau ban san inda suka ajiye ba, ko wa ke buɗewa. Abin da ya canza shi ne na daina yi wa mai tambaya dariya. Kuma ko takardar makaranta na kai shago, ba na fita sai da lalatattun a aljihuna.

Daga wannan shekarar, duk kaka sai mahaifina ya aiko wa Inna da wake, bai taɓa faɗin dalili ba. Ita kuma takan ce mini, "Alhaji dai da son zumunci."

Bara Allah ya yi masa rasuwa, bayan 'yar gajeriyar jinya, a ɗakinsa, a kan shimfiɗarsa, muna kewaye da shi. Wanda bai zauna a wajenmu ba ba zai gane girman wannan ba. Akwai sa'o'insa da ba su sami haka ba, kuma duk lokacin da na tuna, bayan godiya ga Allah, dattijuwar nan nake tunawa.

Ta zo gaisuwa ranar uku, ta sha hanya a bayan babur da tsufanta. Da ta tashi tafiya na raka ta ƙofar gida. Na ji ya kamata a ce ta san abin da ta yi mana, ko sau ɗaya. Na ce, "Inna, takardun nan da kika ba ni shekarun baya, kin san abin da ke cikinsu kuwa? Ai ba hoto kaɗai ba ne. A ciki akwai..."

Ta ɗaga mini hannu, ta gyara lulluɓinta.

"Bari, Malam. Abin da Alhaji bai gaya ma kowa ba shina da rai, ba ni zaka gaya ma ba bayan ransa."