Ranar da Na Rufe wa Kazar Kaka Ƙofa

Har yau in na ji ƙamshin ƙaiƙayin gero da ya sha ɗumin wuta, sai gabana ya faɗi. Ɗakin kakata yake tuna mini, can ƙauyenmu na ƙasar Dungas, shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko.

Sanyin shekarar nan ba na wasa ba ne. Ruwan randa ba ya taɓuwa da safe, ƙafafunmu duk sun yi kaushi, tsofaffi ba sa fita sai hantsi ya dubi bango. A cikin wannan ɗari ne jar kazar kaka ta fara kwanci a kan ƙwai goma sha ɗaya. Wata Bafulatana ƙawar kaka ce ta ba ta kazar tun tana 'yar tsako, shi ya sa take ji da ita. Ba ta yarda ta bar ta a akurki ba. Ta samo fasasshiyar tukunya, ta zuba toka da ƙaiƙayi, ta jera ƙwan a ciki, ta ajiye kusa da gadonta na ƙasa wanda take hura wa wuta. Kullum da hantsi kazar takan sauka ta ci tsaba, kaka ta rufe ƙwan da tsohon ɗankwalinta har ta dawo. Ta ce in sun ƙyanƙyashe, 'yan tsaki biyu nawa ne.

Ana cikin mako na biyu aka aiko daga Magariya cewa gwaggona ta haihu. Kaka ta yi sammako. Kafin ta fita ta kama hannuna.

"Ƙawata, ga amana. In ta sauka ki rufe ƙwan, in ta ci ki ga ta koma. Kar ki bar wutar nan ta mutu."

Na ce to.

Bayan tafiyarta sai na so in taɓa ƙwan in ji ko suna motsi. Ina sa hannu kazar ta sare ni a yatsa har jini ya fito. Haushi ya kama ni. Na cafko fikafikanta, na wurga ta tsakar gida, na ja ƙyaure na ɗaure da igiya. Na ce ta ɗan ɗanɗana sanyi tukuna. Wallahi niyyata in buɗe mata nan da nan. Sai ga ƙawayena sun biyo mini zuwa roron gyaɗa a gonakin bayan gari, na bi su.

Ban tuna ba sai da na ji kiran sallar la'asar. Na sheƙo da gudu. Na tarar da ita a bakin ƙyauren, ta tone ƙasar wurin har ta yi rami, tana kai da kawo, muryarta ta dishe. Wuta ta mutu. Na taɓa ƙwan, sanyi ƙalau kamar duwatsu. Tana shiga ta haye su, ta baje fikafikai, ta gyara su da baki ɗaya bayan ɗaya. Na hura wuta, na share ramin da ƙafata. Innata ta yini wurin sussuka, ba wanda ya gani.

Da kaka ta dawo ta tambaye ni, na ce lafiya lau.

Kwanakin ƙyanƙyasa suka zo suka wuce. Kazar ba ta tashi ba. Ta rame, ƙirjinta ya tsige, zankonta ya yi fari. Kaka takan ɗauki ƙwai ta kara a kunne, ta girgiza a hankali, ta mayar. A ƙarshe ta fasa ɗaya a bayan ɗaki. Da 'yar tsako a ciki, har da idanu. Duk sun zama baragurbi.

Babana ya ce kazar da ba ta iya kwanci ba ba ta da amfani, tun ba ta mutu a banza ba gara a yanka. Kaka ta dubi kazar, ta ce a yanka. Ina tsaye a wurin. A gabana aka yanka ta.

Da aka yi miya, kaka ta tsamo cinya ta sa mini a hannu.

"Ci, ke kika sha wahala da ita."

Na ci, tana kallona tana murmushi.

Kaka ta rasu ina aji shida, ban faɗa mata ba. Kullum cewa nake gobe.

Yanzu a Magariya nake da aure. 'Yan tsaki a kwali ake kawo su daga ƙetaren iyaka, inji ne ya ƙyanƙyashe su, a kunna musu fitila su ji ɗumi. Yarana ba su taɓa ganin kaza ta yi mako uku a kan ƙwai ba. Na ba su labarin kaka iri-iri, na dariya da na tausayi, kuma kullum ina yi musu faɗa a kan faɗin gaskiya. Wannan labarin dai ku ne na fara ba wa. Su har yanzu ban iya faɗa musu ba.