Mariƙiya

Ni dai mariƙi na sani, na buta da na murfin tukunya. Ban taɓa jin an kira mutum haka ba sai ranar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, a Dogarawa.

Goggona ce ta kai ni, yayar mahaifina. Allah bai ba ta haihuwa ba, don haka tun da aka yaye ni a Bazaga aka ɗauko ni aka ba ta. Inna nake ce mata. Ita ta koya mini surfe da tankaɗe, ita ta zane ni ranar da na bar awaki suka cinye mata wake a shanya, ita kuma ta shafa mini man gyaɗa a inda ta zane.

Mushe, malamin lakwal, ya ɗago kai daga takarda ya dube ta.

"Ke ta uwatta?"

"Ni ta," in ji Goggo.

Sai ɗan aiken maigari, wani dattijo mai bakin da ba ya hutawa, ya yi caraf. "A'a, mushe, mariƙiya ta. Uwayen suna Bazaga."

Na ƙyalƙyale da dariya, don na ga Goggo manne a jikin buta. Ita ba ta yi ba. Ta gyara lulluɓi, mushe ya rubuta abin da aka gaya masa.

Daga baya na lura da yadda kalmar take yawo a garinmu. Ba zagi ba ce. Ana yabon mariƙiya, a ce wance ta iya riƙo. Amma ba a kiran mace da ita a gaban idonta, sai a bayanta, ko a buro gaban ma'aikatan hukuma, ko ranar da ake son tuna mata matsayinta.

Shekarar da gero ya ƙone tun bai yi kai ba, mahaifina ya zo da amalanken jaki. Zai kwashe iyalinsa zuwa wajen Sakkwato, mahaifiyata kuma ga ciwo ga goyo, tana bukatar mai yi mata daka. Goggo ta ce tana da sauran dawa da za ta kai mu damina. Ta ce ga karatuna. Ta kawo hujja ta kai goma.

Ya saurara har ta gama, kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Yaya, ai riƙo na."

Goggo ta tashi. Ta ƙulle mini zanena biyu da ƙullin ƙuli-ƙuli, ta kama wuyan hannuna, muka fita. Ba kuka nake ba, haushi nake ji, nata da nasa duka, don ba wanda ya tambaye ni.

Na hau. Jaki ya fara tafiya, tana biye, hannunta na nan a nawa, har muka wuce rijiya. A nan ta saki.