Dokin Ƙofar da Tela Ya Gina

Ɗakinmu a unguwar Alajo yana kusa da rafi. In baƙo ya zo da rani, sai ya ɗauka kwata ce. Da damina kuwa, ko ba a yi ruwa a kanmu ba, in an yi shi can kan tudu, sai rafin ya cika ya biyo lungu, ja wur, da shara da komai.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, tela ne. Yana jin Turanci kaɗan-kaɗan, ni ko kalma ɗaya. Bayan labarai sai ya kara rediyo a kunne, ya ji abin da masu duba yanayi suka faɗa, ya juyo ya ce, "Uwar yara, hadari na tafe. Ɗaga garinki." In ɗora garin koko bisa tebur, shi ya kwance kan keken ɗinkinsa ya aza a saman kabad. Wani lokaci mu tattara komai, rana ta ƙwalle har magariba. In yi masa tsiya cewa rediyonsa ya sake ƙarya, ya ce ai mutanen dubawa suke yi, ba su ke aiko ruwan ba.

In ruwa ya shiga ya janye, mu mata mu yi ta kwasar laka da kwano, a baza katifu a kan rufi. Wadda murhunta bai jiƙe ba ita ke dafa wa kowa. Shi kuwa sai ya sayo bulo da siminti ya ƙara wa dokin ƙofa tsawo. Duk ambaliyar da ta tsallake, ya ƙara sahu, har abin ya kai gwiwa. A karkace yake, amma ruwa ya daina shiga.

Da ya rasu, rediyon ya zama surutu kawai. Har yau in muryar masu yanayi ta fito sai hawaye, don babu mai juyowa ya gaya mini.

Ƙafafuna suka yi nauyi. Bara na faɗi a ƙofar nan da buta a hannu. Babban ɗana ya zo da birkila, ya ce ko a fasa dokin ƙofar, ko in koma wurinsa a unguwar Kotobabi. Na ce ba na son ko ɗaya.

Birkilan ya tsuguna, ya shafa simintin.

"Hajiya, wa ya yi wannan aikin?"

"Tela."

Ya yi dariya har da tari, ya ce ga alama. Sannan ya gaya wa ɗana in an fasa, damina mai zuwa ruwa zai kwana a ɗaki. Ya gina mini matakala ciki da waje, ya kafa ƙarfe na dafawa. Bai taɓa aikin marigayi ba.

Yanzu a kan dokin ƙofar nake zama da yamma, rediyo a cinya. Ba na jin abin da suke cewa. Ina dai duban gabas, in ya yi duhu in shiga in ɗaga garina.