Malam Lawali da jami'ar da ta cinye muryarsa

Ina tsakar gida ina kwashe shanya, hadari ya taso daga gabas, sai wayata ta yi ƙara. Wata ƙawata ce da muka yi jami'a tare, tana zaune can birni. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce, "Zuwaira, sai haƙuri. Malam Lawali ya cika ɗazu bayan azahar, ana tahowa da shi Matameye." Na yi salati, na nemi bakin ƙofa na zauna, ruwa ya sauko ya jiƙa sauran kayan ina kallo. Wadda ta fara faɗo mini a rai ita ce Balkisa, autarsa, ɗalibata a lise, wato babbar sakandare, wadda ta ci bak, jarrabawar shiga jami'a, a wannan damina. Kowa a unguwa ya san uban ya ƙudura sai ta yi karatu a jami'ar gwamnati inda yake koyarwa. Kowa kuma ya san yayansa Alhaji Habu, ɗan kasuwar da rabin rayuwarsa a Kano take, yana so a ƙetara da ita iyaka zuwa jami'ar kuɗi. Muddin Malam na numfashi maganar a rufe take. Yanzu ta buɗe.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Lawali ɗan garin nan ne, malamin ilimin ƙasar noma. Dogo ne, siriri, ba ya son a ce masa Dakta a gida, ya ce wannan suna na biro ne, wato ofis. Duk hutu yana Matameye, kuma hutunsa ba hutu ba ne. Da sakamakon bak ya fito zai ɗauki ƙafa gida gida, ya nemi iyayen da ke shakkar tura ƴaƴansu jami'ar gwamnati. Haka ya shigo zauren mahaifina shekarar da na ci tawa.

Baba mai zuwa ci-rani ne, ya ga duniya daidai gwargwado, kuma ya riga ya ji labari. Ina bayan ƙofa ina jin su. Ya ce, "Malam, jami'ar nan taku da ake cewa shekara ba ta ƙarewa? Yau malamai sun ajiye aiki, gobe ɗalibai. Yaro ya shiga da ƙuruciya ya fito da gemu."

Malam ya yi dariya ya ce, "Zuwaira dai ba ta fitowa da gemu, na ɗauki wannan alkawari." Sannan ya gyara zama. "Ban zo in yi maka ƙarya ba, duk abin da ka ji akwai shi. Amma jami'ar gwamnati rijiyar gari ce. In ta ƙazantu yasa ake yi, ba a watse a bar ta. In mu masu hali mun tafi sayen ruwa, ɗan wanda ba shi da shi ya sha me?"

Da wannan magana na tafi. Kuma domin Allah, ba zan yi wa jami'ar butulci a kan kabarinsa ba. Ta karɓe ni ba ta tambayi wane ne ubana ba. Ta ba ni gado a ɗakin kwanan ɗalibai, ta ba ni shinkafa a resto, ɗakin cin abincinmu, ko da wata rana tsakuwar ta fi waken yawa. A can na fara zama da ƴan Agadas da ƴan Dosso, na san ƙasar nan ta wuce kasuwar garinmu. A can na ga malaman da in suka buɗe baki ka san kai ya yi karatu. Takardar da na fito da ita, duk inda na miƙa ba a taɓa jujjuya ta ana ɗaga gira ba. Amma na ga abin da ke riƙe da wannan suna, kuma ba gini ba ne, ba kayan aiki ba. Wuyan mutane ƙalilan ne irin Malam Lawali.

A shekarar farko mun fi ƙarfin amfi, wato babban ɗakin darasi. Saboda yajin aiki shekaru sun hau kan juna, sababbi sun iske tsofaffi ba su tashi ba. Wanda ya makara sai taga, ya dafa kaye, littafin rubutunsa, a bango yana rubutu a tsaye. Lasifika ta lalace tun kafin zuwanmu, aka ce an rubuta a gyara. Malam zai tsaya ya yi ta ɗaga murya har jijiyar wuyansa ta fito. In ya gama, maimakon ya tafi, sai ya kira mutanen taga gindin dogon yaro ya sake darasin daga farko. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya lissafa masa shi a cikin aiki. Wata rana na ce, "Malam, ka bari su kwafa daga kayenmu mana." Ya kalle ni ya ce, "Kwafa suka zo yi tun daga Ɗan Barto? Ai da sai mu aika musu a mota."

Ba a koyon ƙasa a allo, in ji shi. Motar fita da ɗalibai kullum ko ba mai ko wani babba ya tafi da ita biki, sai Malam ya roƙi mai kamiyo, motar ɗaukar kaya, ya kwashe mu zuwa fadamar Dungu. Mu shiga cikin rake da laka har gwiwa, ya sa mu damƙi ƙasa mu murza, mu shinshina, mu faɗi abin da ta rasa. Wadda ta yatsina fuska don takalminta, ya ce, "Yi haƙuri Hajiya, gobe za mu shimfiɗa wa fadamar darduma."

Inda aka fi jin haushinsa shi ne ranar sutnans, ranar da ɗalibi ke kare bincikensa gaban malamai. Al'ada ce dangi su cika mota su zo da kaji da lemo, a jera a bayan ɗaki tun ba a fara ba, ƙamshi na dukan hancin masu yanke hukunci. Malam ba ya zama sai an fitar da kulolin waje. Yakan ce, "Ba na karatu da hanci." Akwai ɗan wani babban mutum da ya kwaso aikin wani ya sa sunansa, uban ya zo da maroƙa. Malam ya rufe takardar ya ce a dawo baɗi. An yi masa waya daga sama, an aiko masa manya, bai motsa ba. Daga baya aka cire shi daga kwamitin, aka sa mai sauƙin kai, yaron ya wuce da yabo. Ranar ce kaɗai na ga ya zauna a gindin bishiyar nan bai kira mutanen taga ba.

Mu ma mutanen gari muna da namu laifi, kuma zan faɗa. A Matameye ba a auna jami'a da abin da yaro ya sani. Ana auna ta da hoton baƙar riga da hula mai kusurwa da aka rataye a falo, da kuma wanda ya riga wani ratayewa. Yaran da suka ƙetara iyaka bayan tafiyata sun dawo da hotonsu ina nan ina jiran shekara ta ƙare. Ban ce duk ba su yi karatu ba, wasunsu sun yi. Amma ba wanda ya tambaya. Mata na zuwa wurin innata suna cewa, "Har yanzu Zuwaira ba ta gama ba? Allah sarki." Malam ya sha wannan gori a wurin ɗaurin aure da wurin suna, har daga bakin yayansa. An kuma sha yi masa tayin aiki a irin waɗannan jami'o'i, da gida da mota. Amsarsa guda ce: "In na tafi, wa zai tsaya wa mutanen taga?"

Muryar ta fara dushewa a hankali. Likita ya ce ya huta da magana, ya ce to, washegari yana amfi. A ƙarshe raɗa yake yi, wani ɗalibi mai ƙarfin murya na maimaitawa. Lasifikar ba a gyara ta ba har aka kwantar da shi. Na san ajali ba ya jiran dalili, kuma ban ja da hukuncin Allah ba. Amma imani da ƙaddara bai hana ni ganin waɗanda suka bar mutum ɗaya yana jan kayan mutum goma ba.

Manyan jami'a sun zo ta'aziyya, motoci a jere har bakin masallaci. Cikinsu har da motar da ba ta taɓa samun man zuwa Dungu ba. Babbansu ya tashi ya ce marigayi ginshiƙi ne, ya ce da irinsa jami'a ke alfahari. Daga cikin gida muke jin sa sarai, don sun zo da lasifika mai kyau.

Bayan sadakar bakwai Alhaji Habu ya aiko a kira ni. Matar Malam, Hajiya Ramatu, tana ɗaki cikin takaba, Balkisa na gefenta, shi yana tsaye daga bakin ƙofa. Ba mugun mutum ba ne, idonsa ya kumbura da kukan ƙaninsa.

Ya ce, "Madam, ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, ke kin yi jami'ar can. Lawali ya bar mini amana, ba na so in saɓa masa, ba na kuma so yarinyar nan ta tsufa a bakin taga. Tsakaninki da Allah, in ƴarki ce, yau da ba shi, kina kai ta?"

Hajiya Ramatu ta ɗago ta ce, "Faɗi gaskiya, Zuwaira. Abin da kika ce shi za a yi."

Na so in ce e. Wallahi na so. Na tuna akwai sauran malamai na ƙwarai a can, na san su da sunansu, amma na san yadda suka gaji, na san nawa ne ke neman hanyar fita. Na tuna ɗalibaina da na tura bara, waɗanda har yau ba su zauna jarrabawar farko ba. Na ce, "Alhaji, ni Malam ne ya sa na je, shi ya sa na gama. Wanda zan damƙa masa ita, shi muka kai makwanci. Ba zan iya ɗaukar maka alkawarin da ya ɗaukar wa babana ba."

Hajiya Ramatu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ban janye maganata ba har yau, amma tana ci mini rai. Mutumin da ya bi gida gida ya kai ƴaƴan mutane jami'ar gwamnati, tasa ƴar ta bi hanyar Ɗan Barto ta ƙetara iyaka, kuma da bakin ɗalibarsa. Sauran ɗalibaina da iyayensu ba su da Alhaji a Kano, can za su tafi ko sun so ko sun ƙi, kuma ni ce zan ci gaba da cika musu takardun.

Da safen da za su tafi na je sallama. An ɗaure akwatinta a bayan mota, Alhaji na ciki yana jira. Balkisa ta riƙe hannuna ta ja ni gefe, ta yi ƙasa da murya.

"Madam, da Baba na nan, zai yi fushi ko?"

Na ce, "Zai yi, Balkisa. Amma ba da ke ba."

Ya Allah, ga bawanKa Lawali ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ilimin da ya bayar ya zame masa sadaka mai gudana. Ka ba Hajiya Ramatu haƙuri da juriya, Ka taimaki Alhaji Habu a kan amanar da ya ɗauka, Ka tsare Balkisa a inda ta tafi, Ka dawo mana da ita da ilimi mai amfani. Ƴaƴan talakawan da ya bari a tsaye kuma, Ka kawo musu mai tsaya musu. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.