Ranar da Yaya Cledwyn Ya Zo Aron Bindiga

Yayana Cledwyn Bebb ne ya karya hannun mijina, a cikin kicin ɗina, a kan idona. Mutanen ƙauyenmu sun daɗe suna ba da labarin, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Ni da nake tsaye a wurin riƙe da butar shayi, bari in faɗi nawa.

Mu 'ya'yan mahauci ne a nan kan iyakar Wales da Ingila, kuma Cledwyn ne ya gaji wuƙar Baba. Tun yana yaro ba ya jin bari. Da yaƙi ya zo aka ce ana neman masu dirowa daga jirgin sama da laima, ya ɗaga hannu tun ba a rufe baki ba. Mama ta ce, "Kai da ko bishiyar tuffa ka hau sai an kawo tsani an sauko da kai?" Ya ce ai wannan ba ruwansa da tsani, ingiza mutum ake yi.

A kakar 1944 aka zubar da su a ƙasar Holland. Sau ɗaya ya taɓa ba ni labarin, yana fiɗar tunkiya, bai ko dube ni ba. Ya ce tun suna sama aka buɗe musu wuta. Na kusa da shi, wani ɗan Liverpool mai shegen surutu, yana cikin zagi harsashi ya shiga ta haɓarsa, suka ci gaba da saukowa tare a hankali, kan mutumin yana lilo. Filin da za su sauka ya kama da wuta, waɗanda suka karye suna ihu a cikin ciyawa ba mai iya ɗauko su. Shi ya faɗa cikin wani kwari, ya yi kiciɓis da sojan Jamus. Bindigarsa ta cije, ya zaro ɗan shebur ɗin haƙa rami ya sara masa a wuya, ya sake sarawa, ya sake. Ya ce sai da hannunsa ya gaji ya lura cewa ihun da yake ji nasa ne.

Daga nan suka maƙale a wani gida, tankokin yaƙi suna rushe shi ɗaki bayan ɗaki. Sajansu, wani Probert, yana gani aka ƙarar da yaransa kusan kaf. Wata safiya sai ya tashi ya yi aski, ya goge takalmi, ya raba tabarsa ga sauran, ya yi wa kowa magana mai daɗi. Ya zaga bayan katanga, suka ji ƙara ɗaya. Cledwyn ne ya je ya rufe shi da labulen gidan.

An kama Cledwyn, ya yi zaman fursuna, ya dawo mana kamar sanda, babu yatsu biyu a hannun hagu. Abin da ya dawo da shi a ƙirji ya fi wannan muni. Ya fasa wa wani muƙamuƙi a mashaya don ya ɗauki jar hularsa ta soja ya ɗora a kai da wasa. Ya jefa wani ta taga. 'Yan sanda sun san hanyar gidansa fiye da mai kawo madara. Bai yi aure ba, kuma ban ga laifin matan ba. Ya kama aiki a mayankar garin kasuwa, can ne kawai hannunsa yake da sanyi: dabba ba ta sanin lokacin da ya gama da ita.

Mijina Trefor Gittins manomi ne, bai je yaƙi ba, don an bar masu shanu su ciyar da ƙasa. Su biyun ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Ga janar ɗin tatsar nono!" in ji Cledwyn.

"Ga wanda aka jefo daga sama ya faɗi ta ka," in ji Trefor. "Zauna ka ci abinci, ɗan iska, ƙanwarka ta dafa da kai."

Trefor kaɗai ke gaya masa haka ya kwana da haƙoransa. Garkenmu kuwa tun kakansa ake renonsa, kowace saniya da sunanta, ya san uwarta da uwar uwarta. Na sha ce masa in da ni da shanun aka sa shi zaɓe, na san inda zan kwana.

Muna da wata al'ada a tsakaninmu manoma, ba a faɗinta. In babbar asara ta faɗa wa mutum, maƙwabci zai zo ya ce dila ta dame shi a kaji, a ara masa bindiga. Mai gida ya san babu wata dila, maƙwabcin ya san ya sani. Sai a miƙa, a sha shayi, bindigar ta yi zamanta a can har zuciya ta huce. Ba wanda aka ci wa fuska, ba wanda aka ce wa ana tsoron ya kashe kansa.

A hunturun 1967 ciwon baki da kofato ya shigo mana. Gonar da ya taɓa, sai a kashe duk mai kofato a ƙone. Ko'ina ka duba hayaƙi ne, warin gashi da kitse har cikin burodi. Aka kwashi mahauta aikin kisa, har da Cledwyn. Aka hana shiga gonar juna, kowa ya shimfiɗa ciyawa jiƙe da magani a ƙofarsa ya kulle. Maƙwabtanmu mutanen kirki ne, masu bin doka kamar tumaki. Da likitan dabbobi ya ga miyau na dalala a bakin wata ƙarsanarmu ya yanke hukunci, duk sun buga waya sun jajanta, amma ko ɗaya bai tsallako aron bindiga ba. Har yau ina jin haushinsu, kuma da bakina na gaya musu.

Da safiyar da za a kashe garken, Trefor ya tatse su kamar kullum, ya zubar da madarar a kwata. Ya shigo ya yi aski, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci. Ya ce shayina ya yi daɗi, abin da bai taɓa faɗa ba tun aurenmu. Bindigarsa mai baki biyu, wadda take rataye a saman ƙofa, na gan ta jingine da kujerarsa. Ya ce ko wata saniya za ta ɓalle. Na ɗauki butar shayi in ƙara masa.

Cledwyn ya shigo da rigar roba har ƙasa, ya bar sauran mahautan a waje. Ya dubi fuskar Trefor, ya dubi rigar, ya dubi takalmin da aka goge.

"Suruki," ya ce, "dila ta dame ni a kaji. Ara mini bindigarka."

"Kai da ko ƙwai ba ka da shi?"

"Na sayo jiya."

"To dilar ta jira gobe."

"Trefor, ba ni."

"Ka je ka yi aikin da ya kawo ka, Cledwyn. Kisa ai sana'arka ce. Ka bar ni da nawa."

Cledwyn ya matso. Trefor ya kai hannu ya damƙi bindigar. Abin da ya biyo baya ban gama ganinsa ba saboda sauri. Yayana ya cafke wuyan hannun, ya murɗe, ya danna shi a gefen tebur ya hau da gwiwa. Na ji ƙashin ya ce ƙas, kamar an karya itacen hura wuta. Bindigar ta tashi, ta wargaza kabad ɗin kwanukan Mama, kunnuwana suka toshe. Trefor ya kai masa naushi da hagu ya fasa masa baki. Cledwyn bai rama ba. Ya ɓare bindigar, ya zare ɗaya harsashin, ya tofar da jini a kan dabena.

Trefor yana durƙushe, ƙashi ya turo fata, farar rigar ta rine. Sai a lokacin ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba.

"Allah ya tsine maka," ya ce. "A gidana? A gaban matata?"

"Zage ni da kyau," in ji Cledwyn. "Eirlys, ɗaure masa hannu, kada ki matsa daga gefensa."

Ya fita da bindigar a hammata. Ya hana sauran mahautan taɓa ko ɗaya, shi kaɗai ya bi garken. Ina ɗaure hannun muna jin ƙarar, ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tashi Trefor ya ambaci suna. Da yamma suka tula su a kan katako da kwal suka cinna wuta, ƙafafu a sama.

Hannun ya warke a karkace. Da bazara muka sayo 'yan maruƙa, ya fara daga farko, yana tatsa da hagu yana gunaguni. Ya aurar da 'ya'yanmu, ya ɗauki jikoki. Amma bai ƙara yi wa Cledwyn magana ba, ko gaisuwa. In sun haɗu a kasuwa sai ya juya baya. Na roƙe shi, na yi faɗa, na yi kuka. Ya ce zai iya yafe hannun, amma ba zai yafe wa wanda ya gan shi a ranar ba. Yayana ya rasa gida ɗaya tak da ake ajiye masa kujera. Ni ke kai masa abinci ranar Lahadi, in same shi shi kaɗai da rediyo.

Da ciwon huhu ya kwantar da shi, na je asibiti. Ya rame har ya koma kamar ranar da ya dawo daga yaƙi. Na ce masa na sake roƙon Trefor ya zo, ya ƙi. Raina a ɓace yake, na fara zagin mijina.

"Rabu da shi," in ji Cledwyn. "Yana ina yanzu?"

"Yana gona, wai shinge yake gyarawa. Shinge, Yaya! Kana nan kwance."

"Da ƙafarsa ya tafi?"

"Da ƙafarsa mana."

Ya lumshe ido, ya gyara kansa a kan matashi.

"To ai shi ke nan," ya ce.