Wayar da Na Sayar wa Tsohon Tela

A layin masu sayar da waya na unguwar Gema, a Paraku ta ƙasar Benin, ni aka sani da rashin surutu. Maƙwabtana kan tare mutum tun daga bakin titi, su cika shi da lissafin kyamara da ƙarfin batir har ya rasa ta inda zai tsere. Ni kuwa kujera nake turawa, in tambayi gida, in yi shiru. Wajen gwaggota na koya, wadda ta tsufa tana sayar da goro. Ba ta taɓa buɗe ganye ba sai mai saye ya gama faɗin abin da ya kawo shi, biki ne ko suna ko gaisuwar surukai. Na ɗauki wannan hali na mai da shi sana'a, kuma ina alfahari da shi fiye da kima. Har cika baki nake a wajen mai shayi cewa kunnena ya fi bakin kowa ciniki.

Ranar kasuwar Jugu nakan cika jaka da wayoyi in tafi, in kafa tebur kusa da masallaci a rumfar wani abokina. A nan wani tsoho ya zauna a kujerata, ba don sayen komai ba, ƙafa ce ta gaji. Rigarsa ta koɗe, amma aikin wuyanta ya isa a tsaya a kalla. Na yaba. Ya ce shi ya yi da hannunsa, shekarunsa na ƙarfi duk a kan keken ɗinki ya ƙare su.

Na yi abin da na saba. Na tambaya, na yi shiru, ya yi ta zuba. Ya ce matarsa ta rasu. Ya ce 'yarsa ɗaya ce, tana aure a Gabon, ta haihu bara, namiji, an sa masa sunansa, kuma har yau bai sa shi a ido ba. Yana da 'yar ƙaramar waya mai madannai, a nan yake jin kukan jaririn. Cikin hirar ya ce, "Ɗinkin ma na ajiye, ɗana. Ramin allura ya ɓace min. Mutum ma sai ya matso nake gane shi, dishi-dishi nake gani."

Na ji wannan maganar sarai. Na ajiye ta gefe ɗaya saboda ba ta yi min amfani ba, na ɗauki ta jikan.

Ban ciro waya ba tukuna, don na san aikina. Cewa na yi, "Baba, takwaran nan naka, da wa kake jin ya yi kama?" Ya yi dariya ya ce uwarsa ta ce kunnuwansa ne sak, amma wa ya sani, mata da son faranta rai. Na ce, "Da akwai yadda za ka duba da kanka." Sai na ja bakina na ci gaba da goge tebur. Ai kuwa ya matso da kujera. "Kamar yaya? Hoto?" Na ce ba hoto ba, yana motsi, yana kallonka kana kallonsa. Na kira matata a Paraku, fuskarta ta fito, na miƙa masa. Ya kai wayar dab da hancinsa, ya ce, "Ikon Allah." Ban tambaye shi me ya gani ba, don ba na son amsar.

Kasuwa ta gaba ya dawo da kuɗi a ƙulle cikin hankici, ya sayi wayar. Abokina mai rumfa ne ya gaya min daga baya cewa keken ɗinkinsa ya sayar, wanda ya yi shekaru yana share masa ƙura ko da ya daina hawa. Na ce a raina, to ai dama ba ya amfani da shi. Haka na lallashi kaina har Paraku, kuma a daren ranar ban rage komai a kwanon tuwo ba.

Bayan kamar wata guda na hango shi yana tahowa da sanda, wayar a hannu. Na shirya maganar da muke yi wa kowa, cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Ya zauna, muka gaisa har ya tambayi matata. Sannan ya ce, "Ba rigima na kawo ba. Waya lafiyarta lau, kowa ya gani ya yaba. Ni ne dai in sun kira sai in ga haske yana motsi. Na ce bari in zo wajenka, kai mai haƙurin sauraron tsofaffi. Ka kira min su, ka duba yaron da kyau, ka gaya min gaskiya."

Na kira. 'Yar ta ɗauka da murna, "Baba, ça va, kana lafiya? Ga shi nan, ga takwaran naka!" Ta ɗago yaro mai kumatu yana cusa yatsa a baki. Tsohon ya ce, "To, kunnuwan fa?" Dole na juyo na dubi fuskarsa don in gwada, kuma sai a lokacin na kalle shi da gaske. Wata yana ce ta rufe idanun nan biyu, fara fat kamar an ɗiga madara. Na ce kunnuwansa ne, har ɗan lanƙwasar da ke sama. Na gaya masa goshin, da hancin, da haƙora biyu na ƙasa. Yana ta gyaɗa kai yana murmushi.

Da aka kashe, ya sa wayar a aljihu, ya dafa sandarsa. Sai ya tsaya ya ce, ba da faɗa ba, "Amma ɗana, ranar nan ban gaya maka zancen idona ba? Ina ta tunani, ko mantawa na yi."

Mutane na tsaye a bakin teburin. Na ce, "Ban ji ba, Baba."

Ya ce, "Haka ne, kasuwa da hayaniya. Laifina ne, da na ɗaga murya." Ya sa min albarka, ya juya yana laluben hanya da sanda.

Har yau ina tura wa mutane kujera, amma na daina cika baki a wajen mai shayi. Na sha shirya yadda zan je in same shi in faɗa masa, ban je ba. Ya tafi yana ganin shi ya yi kuskure, alhali na ji shi. Wallahi na ji.