Yatsan Mai Wankau

An yanke wa mahaifiyata jaka a kasuwar Sabon Gari, katinta na ɗan ƙasa yana ciki. Ni na raka ta neman wani. Muka yi rantsuwa a kotu, muka karɓo takardar 'yan sanda, saura dangwala yatsa a ofishin yin katin.

Ta dangwala, tawada ta fito a shafe, babu zane ko ɗaya. Wankin kayan ɗalibai take yi a Samaru, sabulun soda ya cinye fatar.

Ma'aikacin ofishin ko ɗago kai bai yi ba. "Mama, ki daina taɓa ruwa sai zanen ya dawo."

Mu ci me? Muna isa gida ta jawo baho, ta jiƙa kayan mutane. Har ta koma ga Allah, gwamnati ba ta sake sanin zamanta ba.